Ciwon Cikin Ƙyalƙyal

SHAFI NA 17

Masu zagin Umma a ƙarƙashin shafin jiya, na gan ku, duk na karanta. Har da wadda ta ce in ba ta lambarta ta kira ta wanke ta tas. Ku dai sassauta. Wanda yau ya shigo cikinmu: Ƙyalƙyal 'yar shekara shida ce, tana aji ɗaya. Wata uku ke nan kullum safiya sai ciwon ciki da kuka a ƙofar makaranta. Jiya uwarta ta zane ta a gaban jama'a. Yau makaranta ta aiko a zo.

*

Takardar cewa ta yi uwa kaɗai ake son gani. Abba ya karanta sau biyu, ya ninke, ya cusa a aljihun rigar aikinsa.

"Tare za mu je."

"Ni fa suka kira, Abban Ƙyalƙyal. Ka wuce gareji, motocin mutane na jiranka."

"Su jira. 'Yata ce ko ba 'yata ba ce?"

Umma ta miƙe. Ta rufe keken ɗinkinta, ta ɗauki mayafi, ta bi bayansa.

Da suka iso ƙofar makaranta ta sunkuyar da kai. Mai gadi ya gaishe su kamar jiya ba a yi komai ba, wannan ya fi yi mata ciwo. Shi ne fa ya riƙe mata hannu jiya yana cewa, "Baiwar Allah, ya isa haka," ga iyaye mata sun yi cirko-cirko suna kallo.

Ofishin da aka nuna musu ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan ajin 'yan ɗaya. Shimfiɗa a ƙasa, matasai biyu, kwandon fensira masu launi, sai wani ƙaton agogo a bango. Kujerun duk na yara ne. Da Abba ya zauna sai da gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

Malamar da ke kula da yara masu damuwa ta miƙe ta tare su. Yara ne suka laƙaba mata Anti Sannu, don duk maganar da za ta yi da sannu take farawa.

"Sannunku da zuwa." Ta kalli Abba, ta kalli Umma. "Ashe tare kuka taho."

"Tare muka taho," in ji Abba. "Malama, ni ba na son dogon bayani. Me yarinyar ta yi?"

"Ba ta yi komai ba."

"To me ya kawo kira?"

"Tsoro take ji, Baban Ƙyalƙyal. Kuma tsoron ya fi ƙarfinta."

"Wani ke dukanta a aji? Ki faɗa min ɗan waye."

"Ba mai dukanta."

"Malamar aji ce ke mata tsawa?"

"A'a."

Abba ya buɗe hannuwa, baƙin mai duk ya bi layin tafinsa.

"To tsoron me? Sau biyu muna kai ta asibiti. Likita ya duba ya ce cikinta lafiya ƙalau. Ƙarya ce kawai irin ta yara da ƙiwuya."

"Likita gaskiya ya faɗa. Ita ma gaskiya take faɗa," in ji Anti Sannu. "Yaro ƙarami bai iya cewa hankalina ya tashi ba. Fargaba in ta yi masa yawa a ciki take sauka. Murɗa ta yake yi da gaske, ni na ga zufar da take yi."

Umma ta ƙura wa kwandon fensir ido.

Anti Sannu ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani koren kati, bai fi tafin hannu ba.

"Mun ba ta irin wannan. In ta ji abin ya taso mata a aji, ba sai ta yi magana ba, ɗaga shi kawai za ta yi. Malamar aji ta bar ta ta zo nan. Mu zauna minti biyar, ƙirjinta ya lafa, in raka ta ta koma. Mun kuma dawo da kujerarta kusa da ƙofa. Satin farko sau shida take zuwa a rana. Satin da ya wuce ya ragu zuwa sau biyu."

Abba ya yi wata 'yar dariya.

"Wato kun buɗe mata ɗakin hutu. Ni ma a ba ni katin nan mana, in na gaji da kwance inji in ɗaga."

"Ba hutu take yi ba. Koyon komawa aji take yi."

"Sangarta ce, Malama. Mu da muna yara wa ya san wani kati?"

"Da kuna yara ma akwai masu irin wannan. Shiru kawai suka koya."

Fuskarsa ta canza. Ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara.

"Tsaya. Ki fito min a mutum. So kike ki ce 'yata tana da taɓin hankali?"

Umma ta ɗago kai da sauri.

"Ban ce haka ba, kuma ba haka ba ne," in ji Anti Sannu.

"Gara dai. Don mu gidanmu babu wannan. Ba a taɓa yi ba."

Bai kalli Umma ba lokacin da ya faɗa. Ita ce ta matse bakin mayafinta har yatsunta suka yi ciwo.

Anti Sannu ta rage murya.

"Abu ɗaya zan roƙa. Abin da ya faru jiya a ƙofa, don Allah kada a sake. Jiya sau tara ta ɗaga kati. Ba ta ci abincinta ba."



Umma ta so ƙasa ta tsage ta shige. Da takalmi ta daki yarinyar jiya. Takalmin ƙafarta ta cire. Abin da ya hana ta sukuni tun jiya shi ne yarinyar ba ta gudu ba. Ana dukanta tana ƙara ƙanƙame ƙafar uwar.

"Wannan na yi mata faɗa a gida," in ji Abba a daƙile. "Amma ita ma uwa ce, ta gaji. Kullum abu ɗaya."

"Na sani." Anti Sannu ta kalli agogo. "Baban Ƙyalƙyal, yanzu suna darasin karatu. Ka zagaya ta baya, akwai taga. Ka tsaya ka kalle ta ko minti goma ne, ka gani da idonka. In ka dawo ka ce min ƙiwuya ce, zan saurare ka."

Ya yunƙura da ƙyar ya fice daga kujerar.

"Bari in gani."

Ƙarar takalminsa na yin nisa, Anti Sannu ta tura ƙofa. Ba ta koma bayan tebur ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da Umma.

"Sannu, Maman Ƙyalƙyal."

"Yawwa."

"Ke kaɗai na so gani. Kin san dalili?"

"Saboda dukan jiya."

"A'a."

Umma ta ɗago.

"In Ƙyalƙyal ta shigo ɗakin nan ba ta taɓa fensir, ba ta taɓa komai," in ji Anti Sannu. "Agogon can take kallo. Ba ta ma iya karanta shi ba. Sai ta ce min, Anti, saura nawa a tashi? In faɗa mata. Bayan minti ɗaya ta sake tambaya."

"Gida take so. Shagwaɓa ce..."

"Sati uku da suka wuce ta yi min wata tambaya."

Umma ta dube ta.

"Ta ce, Anti, in mutum ya faɗi a ɗaki, ba kowa a gida, wa zai tashe shi?"

Jakar da ke cinyar Umma ta zame ta faɗi. Ba ta ɗauka ba.

"Na ce mata, wa ke faɗuwa a gidanku? Sai ta sa hannu biyu ta toshe bakinta. Ta ce, na yi alkawari."

"Yara... yara suna da surutu, Malama. Ƙila a talabijin ta gani."

"Ƙila. Ni ma na ce ƙila. Sai jiya. Ina shafa mata magani a ƙafa, na ce mata sannu. Ta ce, Anti, kada ki ji haushin Umma. Ni ce nake tahowa in bar ta ita kaɗai."

Umma ta kai hannu ta rufe fuskarta.

"Ba ta faɗa min komai ba," in ji Anti Sannu a hankali. "Ina so ki san wannan. Wata uku tana riƙe miki alkawari, ko sau ɗaya ba ta karya ba. Ni ce na haɗa maganganun."

Kukan da ya zo wa Umma ba shi da sauti. Kafaɗunta ne kawai ke rawa. Anti Sannu ba ta taɓa ta ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Jira kawai ta yi.

"Ranar Asabar ce," in ji Umma, muryarta na fita daga cikin tafin hannu. "Ina kan keke ina ɗinki. Babu abin da aka yi min. Kawai sai na ji zuciyata na bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Numfashi ya ƙi shiga. Hannuwana suka mutu. Na ce shi ke nan, tafiya ce ta zo. Na zame na faɗi tsakanin keke da bango."

"Tana ina?"

"Tana tsakar ɗaki tana wasa da ƙyallaye. Ita ta ja ni. Da 'yan hannuwan nan nata."

"Da abin ya wuce fa?"

Umma ta girgiza kai.

"Me kika ce mata, Maman Ƙyalƙyal?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ita ta iya ɗauka wata uku."

Umma ta sauke hannunta. Idanunta sun yi jajur.

"Na kama kafaɗunta. Na ce, kada ki faɗa wa kowa. Ko Abbanki. Na ce in kika faɗa, za su zo da mota su tafi da ni, ba za ki sake ganina ba." Ta goge ido. "Na sa ta maimaita. Sau uku na sa ta maimaita."

Anti Sannu ta lumshe ido na ɗan lokaci.

"Wace mota?"

"Irin wadda ta tafi da mahaifiyata."

Ta faɗa tana kallon ƙasa.

"Ina shekara tara. Haka ita ma ta fara, da faɗuwa. Sai aka ce kanta ne. Ranar da aka zo ɗaukarta duk layinmu sun fito kallo. Har na gama makaranta ba a kira ni da sunana ba, 'yar mahaukaciya ake ce min. Da za mu yi aure, yayar Abban Ƙyalƙyal ta ce masa ya yi tunani, wai abin jini yake bi. Ya rufe ido ya aure ni. Yanzu in je in ce masa me? Yaya ta yi gaskiya?"

"Sau nawa ya same ki tun daga ranar?"

"Ban ƙirga ba."

Anti Sannu ta dube ta kawai.

"Sha ɗaya," in ji Umma.

"Nawa ne a gabanta?"

"Bakwai."

Ta share hanci da gefen mayafi.

"Wallahi, Malama, ban taɓa haɗa ciwon cikinta da wannan ba. Ko kuma... ko kuma na haɗa, na ƙi kallo. In ta fara kukan safe sai in ji kamar tona min asiri take son yi a gaban mutane. Shi ya sa nake zafi. Jiya tana cewa, Umma, bari in zauna da ke, ni kuma ina..." Ta kalli takalmin ƙafarta. "Wace irin uwa ce ni?"

"Uwar da ba ta da lafiya, ta rasa wanda za ta gaya wa."

"Kada ki gyara min, Malama."

"Ban gyara miki ba. Abin da kika ɗora mata ya yi mata nauyi, kuma ba daidai ba ne. Ke ma kin sani, ba sai na nanata ba." Anti Sannu ta matso. "Amma ki saurare ni. Ni ba likita ba ce, sai dai abin da kika kwatanta na sha ganin masu shi. Mutane da yawa suna fama da shi, suna zuwa asibiti a duba su, suna samun sauƙi, suna aikinsu. Ba wanda ya zo da mota. Zan rubuta miki takarda ki je a duba ki, har zuciyar ma a gwada."

Umma ta gyaɗa kai da sauri.

"Zan je. Ko gobe ne. Ba sai ya sani ba."

"Nan ne matsalar."

"Wace matsala?"

"Mu a nan za mu ci gaba da kati, za mu ci gaba da zama da ita. Amma duk abin da muka yi, da an tashi gida za ta koma ta ci gaba da gadi. Yarinyar nan ba makaranta take tsoro ba. Tsoro take ta dawo ta tarar da ke a ƙasa. Ba za ta saki jiki ba sai ta ji daga bakinki cewa alkawarin ya tashi. Sai kuma ta ga da idonta akwai babba da ya sani, wanda zai tashe ki in kin faɗi."

"Ai ke kin sani yanzu."

"Ni ba a gidanku nake ba."

Umma ta miƙe tsaye.

"A'a."

"Maman Ƙyalƙyal..."

"A'a, Malama! Ba ki ji abin da ya ce yanzu ba? Gidanmu babu wannan! A gabanki ya faɗa!"

"Na ji. Ba yau nake cewa ba. Za mu iya zama mu uku, in taya ki..."

"Ki rufa min asiri, don girman Allah. Ki rufa..."

Maganar ta tsaya mata a wuya.

Ta san ciwon tun kafin ya ƙaraso. Yatsunta ne suka fara ɗaukar sanyi. Sai bugun. Bangon ɗakin ya matso. Ta buɗe baki tana neman iska, iskar ta ƙi wuce maƙogwaro.

Ba nan ba. Ya Allah, ba nan ba.

Ta kai hannu za ta dafa tebur, ta ture kwandon, fensira suka watse. Gwiwoyinta suka saki. Anti Sannu ta tare ta, suka sulale tare zuwa kan shimfiɗa.

A daidai lokacin aka turo ƙofa.

Abba ne, ɗauke da Ƙyalƙyal a kafaɗa, koren katin a damƙe a hannunta. Muryarsa ba irin wadda ya fita da ita ba ce.

"Malama, yarinyar nan tana hango ni ta taga ta hau rawar jiki. Wai me ya kawo ni, ko Umma ce ta mu..."

Ya tsaya.

Ya ga matarsa a ƙasa, baki buɗe, hannu a ƙirji.

"Innalillahi! Ke! Me ya same ta? Malama, me kika yi mata?"

Kafin ya motsa, Ƙyalƙyal ta zame daga jikinsa.

Ba ta yi kuka ba. Ba ta yi ihu ba.

Ta ruga ta tura ƙofa ta rufe. Ta ɗage ƙafa ta ja labulen taga. Ta jawo matashi ta cusa ƙarƙashin kan uwarta, ta sassauta mata mayafi daga wuya. Ta buɗe 'yar gorar ruwan da ke rataye a wuyanta, ta jiƙa tafin hannu ta shafa mata a goshi.

Komai a jere. Ko sau ɗaya ba ta tsaya tunanin abin da ke gaba ba.

Sannan ta durƙusa, ta buɗe yatsunta biyar a gaban fuskar uwar.

"Umma, kalle ni. Shaƙa. Ɗaya... biyu... uku. Yawwa. Yanzu hura yatsana, a hankali, kamar kina fifita shayi."

Anti Sannu ta toshe bakinta da hannu. Ita ta koya wa yarinyar wannan, a ɗakin nan, don ta riƙa yi wa kanta.

"Sake, Umma. Saura huɗu. Ba mutuwa za ki yi ba. Ina nan."

Abba na tsaye a tsakiyar ɗaki, hannuwansa a sake. Ya kalli labulen. Ya kalli matashin. Ya kalli 'yarsa tana naɗe yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Numfashi ya fara dawo wa Umma kaɗan-kaɗan. Da shi ya dawo, ganinta ma ya dawo. Abin da ta fara gani ƙafafun mijinta ne. Ta juya fuska ga bango.

Abba ya durƙusa a hankali, har tsayinsa ya zo daidai da na yarinyar.

"Ƙyalƙyal."

Ba ta waiwayo ba.

"Mamana, kalle ni."

Ta waiwayo.

"Wannan da kika yi yanzu," in ji shi, "ba yau kika fara ba. Sau nawa kika taɓa yi?"

Hannun yarinyar ya tashi zai tafi bakinta, ya tsaya a hanya.  Ta kalli ubanta, ta kalli ƙofar da ta rufe, sannan ta sunkuya daf da kunnen uwarta. Raɗa ta so yi, amma duk ɗakin aka ji.

"Umma... in faɗa? Za su zo da motar?"